Gwiwar da Na Dawo da Ita Jibiya

Ku da kuke taruwa a filin bayan makarantar sakandare da la'asar, kuna nuna wa juna a waya yadda wani ya tashi sama ya cusa ƙwallo cikin kwando, na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa ai Kawu Hamisu tsawo ne ya kai shi Turai, da mu ma Allah ya ba mu da tuni mun tafi. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka da farko. Amma tun da kun matsa sai kun ji yadda aka yi, ku ajiye wayoyin ku zauna. Ƙwallon kwando sana'a ce kamar gini ko tuƙin babbar mota. Tana da kayan aiki, tana da masu gida, tana da ranar da za ta ce maka ya isa.

Aikina na farko lodi ne a bodar Magama. Ina ɗora buhunan masara da katan-katan na sabulu a kan motocin da ke tsallakawa Ɗan Isa su wuce Maraɗi. Sauran 'yan lodi sai ɗaya ya hau rufin mota, ɗaya ya miƙa masa. Ni daga ƙasa nake ajiye buhu a kan rufi, in jefa igiya in ɗaure, shi ya sa direbobi ke nemana, don ba na lotsa musu mota. Wata ranar kasuwa wani gajeren mutum da ko ƙirjina bai kai ba ya tsaya jiran a gama duba takardun babur ɗinsa. Mushe Isufu ake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a Nijar, malamin motsa jiki ne a wata makaranta a Maraɗi. Ya daɗe yana kallona. Can ina ɗaure igiya, sai ya jefo mini lemo daga gefe ba tare da ya kira ni ba. Na cafe da hannun hagu. Ya ce in yi tafiya da baya har gindin wata bishiyar darbejiya, in dawo. Na yi, 'yan lodi suna ta dariya. Bai tambaye ni tsawona ba ko sau ɗaya. Ya ce dogaye suna da yawa, yawancinsu hannu kamar na aro, ƙafa kamar an ɗaura musu. Sai ya tambayi gidanmu.

Babana, Malam Abdu, igiya da tabarmi yake sayarwa a kasuwar Jibiya. Ya saurari Mushe har ya gama, sannan ya tambaye shi abin nan wasa ne ko aiki. Mushe ya ce a wurin masu kallo wasa ne, a wurin wanda ke ciki kuwa ya fi lodi wuya. Baba ya ce to in ya fi lodi wuya a tafi da ni, amma in riƙe salla, kuma in riƙa zuwa gida.

Watannin farko a Maraɗi ban jefa ƙwallo kwando ba ko sau ɗaya. Filin siminti ne, da rana ta ɗaga sai ya gasa tafin ƙafa. Abin da Mushe ya fara koya mini shi ne tsayuwa: a buɗe ƙafafu, a sauke ƙugu kamar za a zauna a kujerar da babu ita, a buɗe hannuwa, a yi ta jan jiki gefe daga wannan layi zuwa wancan ba tare da ƙafa ta haɗe da 'yar'uwarta ba. Cinyoyina suka yi ta rawa har in kasa hawa matakala. Daga nan ya koya mini aikin baya. Da an jefa ƙwallo sama, kowa ita yake kallo. Ni aka hana. Aka ce in fara neman mutumin da nake tsaro, in juya in kafa masa bayana a ciki, in ture shi daga ƙarƙashin kwando, sannan in ɗaga kai. Mushe yakan tsaya ya jefi bakin ƙarfen kwando da gangan, ya ce in faɗi inda za ta sauka kafin ta sauka. A hankali na gane cewa wadda aka jefo daga dama yawanci hagu take faɗawa, wadda aka jefo daga nesa nesa take komawa, wadda ta zo a kwance kuma da ƙarfi take dawowa, saitin fuska. Wannan shi ne abin da na ci abinci da shi shekara da shekaru: tsintar abin da wasu suka jefa suka kuskure. Ba za ku gan shi a wayoyinku ba.

Babban kayan aikin ɗan ƙwallo takalmi ne, ni kuwa babu nawa a kasuwa. Mun zagaye 'yan gwanjon Maraɗi da na Jibiya har Katsina, mafi girma sai in sa yatsu dunduniya tana waje. Malam Ɗanjuma baduku, Allah ya jiƙansa, shi ya sayi ƙafa biyu iri ɗaya, ya yanke gaban ɗaya da bayan ɗaya, ya haɗa su da fata da zaren roba, ya shimfiɗa musu taya a ƙasa. Suna da nauyi kamar an ɗaura mini tubali, suna ƙara idan na juya, amma da su na yi wasana na farko. Sai da wata ƙungiya a Yamai ta ɗauke ni na sa takalmin gaske, shi ma wani dogo da ya yi ritaya ne ya ba ni tsofaffinsa. Ku riƙe wannan: ba a sa sabon takalmi ranar wasa. Safa biyu ake sawa. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi, in ba haka ba ya shige nama ya zaunar da kai wata guda. Idon sawu kuma naɗe shi ake yi da filasta kafin a fita, ko lafiyarsa ƙalau. Bayan an tashi, ƙanƙara. Na zauna da ƙafafu cikin bokitin ƙanƙara fiye da yadda na zauna a jirgin sama. Ku dubi yatsun hannuna, babu guda da yake miƙe. Wannan haƙorin na gaba ma ba nawa ba ne, nawa yana can Yamai, gwiwar hannun wani soja ta cire shi, alƙalin wasa ko usur bai busa ba.

A Yamai da safe ina sito na kamfanin da ke da ƙungiyar, da yamma ina fili. Mun je gasar ƙungiyoyi a wata ƙasa maƙwabciya, wani dillalin 'yan wasa ya gan ni, daga nan sai ga ni a wani gari na bakin teku a Maroko. A can na fara taka filin katako. Ranar farko na yi ta zamewa kamar akuya a kan tayil, don ƙafata siminti ta sani.

Akwai wani wasa a can da nake so ku ji. Abokan karawarmu suna da wani ƙaton ɗan Senegal wanda ya fi ni tsawo, ya fi ni faɗi, duk ƙungiyar da ya haɗu da ita sai ya cinye ta shi kaɗai. Kocinmu ya kira ni gefe, ya ce ba ya son maki ko ɗaya daga hannuna, abin da yake so shi ne kada mutumin nan ya karɓi ƙwallo a inda ya saba karɓa. Na yi mako ina kallon faifan wasanninsa. Na lura yana son tsayawa a gefen hagu na kwando, taku biyu daga layi, kuma ba ya son gudu. To sai na riƙa riga shi zuwa wurin. Kafin ya iso na tsaya, in ya turo ni in sauke ƙugu, in ya zagaya in bi shi. Da ƙwallo ta dawo hannunmu kuma sai in ruga ɗaya gefen da gudu, dole ya biyo ni. Kafin hutun rabin lokaci ya fara dafa gwiwa yana haki. Muka ci wasan. Ni ban jefa ko ɗaya ta shiga ba, jarida ma hoton wani gajeren ɗan ƙungiyarmu da ya ci makin ta buga. Amma da aka shiga ɗakin sauya kaya, gajeren nan ya zo ya sumbaci goshina, sai da ya hau benci kafin ya kai.

Wannan ya kawo ni kan masu gida. Kuna zaton 'yan kallo kuke yi wa aiki. Su suna tafi su tafi gida. Wanda kake yi wa aiki na farko shi ne mai jefawar ƙungiyarku: ka tsaya kamar katanga a hanyar mai tsaronsa, ya zo ya yi karo da ƙirjinka, shi kuma naka ya samu sarari ya jefa. Dukan naka ne, sunan nasa. Na biyu koci. Na uku mai ƙungiya, wanda yawanci bai san komai a wasan ba sai sakamako. Kuma kai baƙo ne. Kowace ƙungiya baƙi kaɗan aka yarda ta ɗauka, don haka da an sha kashi sau biyu a jere, ba ɗan gari ake kallo ba, kai ake kallo. Na ga wani Ba'amurke da muka yi atisaye tare da safe, da yamma yana filin jirgi. Tun daga ranar ban ƙara kwashe kayana duka daga jaka ba. Harshe kuwa, a kowace ƙasa kalmomin aiki nake fara koya: dama, hagu, bayanka, tawa ce. Sannu da na gode daga baya suke zuwa.

Inda na fi daɗewa wani ƙaramin gari ne a Romaniya, cikin duwatsu, mutanensa duk masana'antar katako suke yi wa aiki, kuma mai masana'antar shi ke da ƙungiyar. Sanyin wurin ba ya faɗuwa, sai an ji. Ƙwai da kifi da wake su ne abincina, sai yaji da kuka da daddawar da Inna take ƙulla mini duk zuwa. Wani ma'aikacin filin jirgi ya taɓa kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya mayar ya ƙulle da sauri, bai ƙara tambayata komai ba. Na yi azumi ina wasa, na sha ruwa a benci ana tsakiyar karawa. Mutanen garin sun riƙe ni da kyau. Akwai wata tsohuwa mai gidan burodi kusa da inda nake, kullum sai ta ajiye mini mai zafi, ta yi ta ba ni labari da harshen da rabinsa kawai nake ji. Yara suna bin bayana suna auna kansu da ƙuguna. Shekaru masu daɗi ne, ba zan ɓoye muku ba. A cikinsu na yi aure, na yi wa Baba rufin kwano.

Shekarar da ta ɓaci ba da wata babbar faɗuwa ta fara ba. Na yi tsalle a atisaye, na sauka a kan ƙafar wani, gwiwar dama ta ɗan murɗe. Na ci gaba da wasa. Washegari ta kumbura kamar ƙwarya. Likitar ƙungiya, wata mace mai furfura da muke kira Dakta Elena, ta sa allura ta zuƙe ruwa mai kalar man gyaɗa. Kumburin ya sauka, na koma fili, gwiwar ta sake kumbura. A shekarar nan ƙungiyarmu tana can ƙasan jeri, in ba mu ci sauran wasannin ba, za a sauke mu zuwa ƙaramin rukuni, masana'antar ma ana ta rage ma'aikata. Mai ƙungiya ya ce a yi mini allurar kashe ciwo kafin kowane wasa. Aka yi mini, na kuwa yi wasa kamar yaro. Allurar nan daɗi gare ta. Ba ka jin komai sai kwana biyu, sannan ciwon ya dawo da na bashi.

Ana saura wasanni kaɗan a gama, Dakta Elena ta kira ni ofishinta da rana, ta rufe ƙofa, ta ɗaga hoton gwiwata a jikin fitila. Ta nuna mini inda guringuntsi ya kamata ya raba ƙashi da ƙashi, ta ce ya kusa ƙarewa. Ta ce allurar ba magani take yi ba, bakin gwiwar kawai take toshewa kada ta yi kuka, ni kuma ina ta niƙa ta. In na ce a ci gaba za ta yi mini, don jikina ne. Ƙarshenta dai gwiwar za ta sandare. Zan iya tafiya, zan iya tuƙa mota, zan zauna a kujera kamar kowa, lanƙwasawa ce kawai ba za ta yi sosai ba. Ta faɗi haka kamar ƙaramin abu, sannan ta tambaye ni ko akwai abin da nake yi da ke buƙatar naɗe ƙafa.

Na ce mata a garinmu rayuwa a ƙasa take. A tabarma muke cin abinci, kwano ɗaya. A tsugune muke gaida iyaye. Makewayinmu ma ba na zama ba ne. Salla kuma ta sha ganina ina yi a kan tawul a ɗakin sauya kaya. Ta ce in nuna mata zaman tahiya. Na sauka a kan dardumar ofishin na gwada, ƙafar ta ƙi shiga ƙarƙashina, sai gefe na miƙe ta. Ta dubi ƙafar.

"Sau nawa a rana?" ta tambaye ni.

Na ce biyar, har in mutu.

Ta mayar da kwalbar allurar cikin firji. Ta ce, "To ni dai ba da shawarata ba."

Kwana biyun da suka biyo baya waya ba ta huta ba. Dillalina ya kira daga Faransa, ya ce akwai wata ƙungiya a ƙasashen Larabawa da ke sona shekara mai zuwa, za su aiko mutum ya kalli wasan ƙarshe, in suka gan ni a benci magana ta mutu. Koci ya zo har gida, bai yi faɗa ba, ya zauna kawai ya lissafa mini sunayen 'yan garin da za su rasa aiki in ƙungiya ta faɗi, har da mai share fili. Wannan ya fi faɗa nauyi. Na kira Mushe Isufu a Maraɗi na zayyana masa komai. Sai ya ce, "Hamisu, ƙafar ga, taka ce ko tasu?" Na ce tawa ce. Ya ce to shi bai ga abin shawara ba.

Na je na gaya wa mai ƙungiya ba zan ƙara karɓar allura ba. Ya ce in ba zan yi wasa ba kwantiragina ya ƙare da ƙarshen kakar wasa. Sauran wasannin a ƙarshen benci na kalle su da kayan gida, ina yi wa wanda aka sa a gurbina ihun dama da hagu. 'Yan kallon da suka saba rera sunana suka riƙa yi mini fito na wulaƙanci. Tsohuwa mai burodi ta daina ba ni labari, ta riƙa ajiye burodin a kan kanta tana kallon wani wuri. Ban ga laifinsu ba, jikanta a masana'antar yake. Muka sha kashi a wasan ƙarshe da ɗan ƙaramin rata, aka sauke ƙungiyar. Ko da na shiga za mu ci? Allah ne masani. Dakta Elena kuwa ba ta tsaya jira ba, ta hanzarta aka yi mini aiki a babban birni kafin inshorar ƙungiya ta fita daga kaina. Likitan da ya yi aikin ya ce ya share abin da zai sharu, ya ceci abin da ya rage, ƙwallo dai ta ƙare. Na tambaye shi lanƙwasawa fa. Ya ce wannan ba ya yi mini alkawari.

Ta Yamai na dawo. Na zauna a kujerar gaba ta bas da ƙafa a miƙe a hanya, kowa zai wuce sai ya tsallake ta yana ba ni haƙuri. Maraɗi, Ɗan Isa, sai ga Magama. Da na sauko da sanduna biyu, 'yan lodi suka yo kaina. Yawancinsu sabbi ne, amma akwai tsofaffin abokan aikina, ɗaya ya ɗauki jakata ya hana kowa taɓawa. Na tsaya ina jin ƙamshin ƙosai da hayaƙin babura, ina jin ana ciniki da naira da sefa a baki ɗaya, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Babu wanda zai ƙara duba sakamako ya dube ni.

A ƙofar gida abin ya same ni. Baba yana zaune a tabarma da abokansa dattawa. Na zo gabansa, jikina ya tafi zai tsuguna kamar yadda ya saba tun ina yaro, gwiwa ta tsaya cak. Sai na sunkuya daga can sama na gaishe shi, ni da na fi ƙofar zaure tsawo, shi yana ɗaga kai kamar mai duban wata. Ya amsa, ya sa aka kawo mini kujerar roba. Tun daga ranar, da na fito gaishe shi da safe sai a fito da kujerar nan, in zauna sama, mahaifina yana ƙasa. A masallaci ma da ita nake zuwa, in zauna a ƙarshen sahu tare da tsofaffin da suka haifi babana. Waɗanda suka ga sanduna sun san dalili. Amma bayan na ajiye sanduna ina tafiya garau, sai magana ta fara yawo cewa ɗan Malam Abdu ya je Turai ya dawo ba ya tsuguna wa kowa. Inna ce ta ji a gidan suna ta zo ta gaya mini. Baba bai taɓa tayar da zancen ba.

Mushe Isufu ya yi ritaya a lokacin. Duk ranar kasuwa sai ya tsallako da babur ɗinsa, ya same ni a tsakar gida. Na nuna masa motsin da aka koya mini a asibiti, ya ƙara da nasa. Yakan kwantar da ni rub da ciki a tabarma, ya ɗaura igiya daga rumfar Baba a idon sawuna, ya ba ni ɗaya bakin ta kan kafaɗa, in riƙa jawo dunduniya zuwa baya har gumi ya jiƙa tabarmar. Sai ya auna abin da ya rage tsakanin dunduniya da mazaunai da tafin hannunsa. Sauran ranaku ina tafiya cikin yashin gulbi, ko in riƙe turmi in sauka a hankali iya inda za ta yarda. Da farko ana samun ci gaba duk mako. Sai damina ta faɗi, gwiwa ta tsaya. Har aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya yi kai, awon Mushe bai canza ba. Na ce masa ko mu haƙura, Allah ya san niyyata, salla a kujera ma salla ce. Ya ce gaskiya ne, in kwanta ya ɗaura igiya. Wajen kaka, wata ranar ina jan igiyar sai na ji wani abu ya saki a ciki, kamar tsohon ƙulli ya kwance. Na tsorata, na zaci na ɓata aikin. Mushe ya taɓa, ya matsa, ya ce in sake ja. Dunduniya ta matso. Daga nan kullum sai ta ƙara, har ranar da ya nemi inda zai sa yatsa ya rasa.

Ban gaya wa kowa ba. Na yi kwanaki ina gwadawa a ɗaki, ina salla a ƙasa ni kaɗai, don in tabbata ba ta rana ɗaya ba ce. Sannan wata safiya na fito. Baba yana ƙofar gida da amininsa Malam Sule, suna ɓarar gyaɗa a faranti. Aka fito da kujera kamar kullum aka ajiye. Na wuce ta, na zo gabansa, na tattara riga na tsuguna har ƙasa.

Hannunsa ya tsaya a cikin farantin. Na ce ina kwana Baba. Ya ce lafiya lau. Ya tambaye ni kwanan iyali, na amsa. Ya tambayi gajiya. Ya tambayi Mushe Isufu, da iyalin Mushe, da mutanen Maraɗi baki ɗaya, ko sun samu ruwa bana. Ya tambayi matar nan likita ta Turai, ko ina jin labarinta, ko tana da 'ya'ya. Ya tambayi sanyin ƙasarsu. Mutumin da gaisuwarsa ba ta wuce kalma uku, ranar nan har dillalina sai da ya tambaya. Duk wannan idonsa yana kan gwiwata. Malam Sule ya juya kai gefe yana dariya ƙasa-ƙasa. Cinyata ta fara rawa, amma gwiwar tana nan a naɗe, ba ta ce komai ba.

Da tambayoyi suka ƙare masa, ya debi gyaɗa ya zuba mini a hannu.

"Tashi hakanan, kada ka ɓata ma likita aikinta," in ji shi. Sannan ya ɗaga murya zuwa cikin gida. "A zo a kai kujerar ga masallaci. Akwai masu buƙata."